Uwar Hoto: Nazari kan Dawowar Kyamarar Fim a Zamanin Wayar Hannu

Gabatarwa

A watan Janairun 2012 kamfanin Kodak na Amurka ya garzaya kotu yana neman kariya daga masu bin sa bashi, mutane da yawa kuwa suka ɗauki ranar a matsayin ranar jana'izar kyamarar fim. Alamun mutuwar sun riga sun bayyana. A 2009 kamfanin ya daina yin Kodachrome, fim ɗin kala da ya fara sayarwa tun 1935, a ƙarshen 2010 kuma shago na ƙarshe a duniya da ke iya wanke irin wannan fim, a wani ƙaramin gari mai suna Parsons a jihar Kansas, ya daina karɓar aikin. Sai dai gawar ta ƙi kwanciya. A 2018 Kodak ya dawo da wani fim ɗinsa mai suna Ektachrome bayan ya jingine shi na wasu shekaru. A 2022 kamfanin Leica na Jamus ya sake ƙera tsohuwar kyamararsa M6, a 2024 kuma aka fitar da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17 daga Japan. Cikin masu rububin waɗannan kaya akwai ɗimbin matasa sa'o'ina, waɗanda suka buɗe ido suka tarar da kyamara a jikin waya.

Masu wannan sha'awa suna kafa hujjoji uku. Suna cewa kalar fim ta fi ta dijital daɗin kallo, suna cewa fim yana koyar da haƙuri, suna kuma cewa hoton fim ya fi gaskiya da daɗewa. Wannan maƙala za ta auna hujjojin ɗaya bayan ɗaya. Ra'ayina shi ne hujjar da aka fi yayatawa, wato ta kala, ita ce mafi rauni, ta ƙarshen kuwa, wadda ta rataya a kan nagatif, ita ce mafi nauyi, kuma ita ce masu sha'awar suka fi wofintarwa a aikace.

Mene Ne Fim?

Ya kamata a share fage, domin kalmar fim a bakin Bahaushen yau ta fi nufin wasan kwaikwayon da ake kallo a talabijin. Fim ɗin da nake nufi a nan shi ne siririn naɗin leda da ake zura wa kyamara. An shafe fuskarsa da wani irin danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi, a cikin danƙon kuma akwai ƙananan ƙwayoyin sinadarin azurfa masu jin haske. Idan aka danna kyamara, ƙofarta ta buɗe na ɗan ƙiftawar ido, hasken da ya taso daga fuskar mutum sai ya faɗa a kan waɗannan ƙwayoyi ya sauya su. Ido ba ya ganin sauyin sai an shiga ɗakin duhu an tsoma fim ɗin cikin ruwan sinadarai. Daga nan Hausa ta samo kalmar wanke hoto, wadda har yau muke amfani da ita ko da inji ne ya buga mana hoton daga waya, babu ko ɗigon ruwa a cikin aikin. Abin da ke fitowa daga wankin shi ne nagatif, inda fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Daga jikinsa ake fitar da hoto ko sau nawa ake so, shi ya sa nake kiran sa uwar hoto.

Naɗin da aka fi sani, mai faɗin milimita 35, yakan ɗauki hoto 24 ko 36. Idan ya ƙare ya ƙare, kuma mai kyamara ba zai ga ko ɗaya daga abin da ya ɗauka ba sai bayan wanki. Wani abin lura shi ne a cikin gidan Kodak ɗin aka haifi magajin fim. A 1975 wani injiniyan kamfanin, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko, wadda take ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya baƙi da fari a kan kaset. Kamfanin da arzikinsa ya dogara ga sayar da fim bai yi gaggawar rungumar abin da zai kashe masa kasuwa ba.

Hujja ta Farko: Kala

Mai sha'awar fim yakan fara zance da kala. Zai yabi taushin launi, da ɗan yashi-yashin da ke jikin hoton, da yadda haske ke narkewa a gefen fuska. Ban musa kyan waɗannan abubuwa ba. Abin tambaya shi ne ina matashin ya fara ganin wannan kala har ta shiga ransa. Manhajar Instagram ta fito a watan Oktoban 2010, kuma abin da ya fara jawo mata jama'a shi ne rinin da take yi wa hoton waya ya yi kama da tsohon hoton da ya kwana biyu a akwati. Ke nan da yawa daga cikin sa'o'ina sun fara son kwaikwayon fim kafin su taɓa riƙe fim a hannu. Da suka gaji da kwaikwayon suka tafi neman na ainihi, bisa hujjar cewa kama da wane ba ta wane.

Amma a dubi abin da ke faruwa bayan an ɗauki hoton. Ana kai naɗin shago a wanke, a sa nagatif ɗin a na'urar da ke kwafe shi zuwa kwamfuta, a turo wa mai shi ta intanet, shi kuma ya ɗora a Instagram ɗin da ya ce ya gaji da ita. Kalar da yake alfahari da ita ta biyo ta hannun na'urar kwafe, da manhajarta, da ma'aikacin da ya daidaita launin yadda ya ga ya dace. Naɗi ɗaya, idan aka kai shi shago biyu, zai iya dawowa da kala iri biyu. Abin da ya iso idon mai kallo hoton dijital ne wanda ya yi doguwar hanya mai tsada.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi, musamman ga mai baƙar fata. Kalar fim zaɓi ce da wasu mutane suka yi a ɗakin gwaji. Tun daga shekarun 1950 Kodak yana raba wa shagunan wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton wata Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley. Da fatar wannan mata ake auna injin: idan fuskarta ta fito daidai, an ɗauka komai ya yi daidai. Sakamakon haka, a hoton da ya haɗa fari da baƙi, sau da yawa fuskar baƙin takan dushe, sai idanu da haƙora. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta wallafa bincike a kan wannan a 2009, inda ta nuna cewa koke-koken kamfanonin kujerun katako da na cakulan suna cikin abin da ya tura Kodak gyara launin ƙasa-ƙasa, saboda tallarsu ba ta bambance katako mai duhu da mai haske. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban.

Gaskiya ne fim ɗin da ake sayarwa yau ya fi na wancan zamani iya ɗaukar baƙar fata nesa ba kusa ba. Duk da haka, idan matashi ɗan Afirka ya ce yana begen kalar da, ya dace ya san wa aka auna da ita. Masu hoton nahiyar nan sun sha fama da wannan ma'auni, suna ƙara haske, suna sauya lokacin wanki, don fuskokin mutanensu su fito. James Barnor na Gana, wanda ya buɗe shagonsa Ever Young a Akara a shekarun 1950, ya koma gida daga Ingila a wajajen 1970 ya kafa wurin wanke hoton kala na farko a ƙasar. Kyan da muke gani a hotunansa ƙwarewar hannunsa ce da sanin hasken da ya dace da fatar mutanensa. Kwalin fim ba ya zuwa da wannan a ciki.

Hujja ta Biyu: Haƙuri

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Wanda yake da hoto 36 kacal a kyamararsa dole ya yi tunani kafin ya danna. Zai duba inda rana take, ya jira mai wucewa ya wuce, ya tabbata abin da ke gabansa ya cancanci kuɗin da zai ƙone. Mai waya kuwa yana iya ɗaukar hoto hamsin a wurin ɗaurin aure ɗaya, ya koma gida bai sake duba ko biyar ba. Ƙarancin abu yana sa a san darajarsa, kuma na yarda cewa ɗalibin hoto zai ƙaru idan ya yi wata shida da kyamarar da ba ta nuna masa kuskurensa nan take.

Babu misalin da ya fi na Seydou Keïta na Mali. Ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yana ɗaukar mutane a tsakar gidansa da hasken rana, bayansu an rataya zane mai ado. Yana ajiye rediyo da agogo da babur don wanda yake so a gan shi da su. An ruwaito cewa saboda tsadar kayan aiki, sau ɗaya yake danna wa kowane mutum kyamara. Wanda ya dubi hotunansa zai ga abin da wannan dannawa ɗaya ta ƙunsa: yadda aka karkata kafaɗa, inda aka ajiye hannu, yadda zanen jikin mace ke zance da zanen bango. Duk aikin an gama shi kafin a taɓa kyamara.

Sai dai akwai bambanci tsakanin haƙurin Keïta da na mai sha'awar yau. Keïta sana'a yake yi, kuma mutumin da ke gabansa ya biya kuɗi yana jiran hoton da zai aika wa dangi. Idan hoton ya lalace, sunan shagon ne ya lalace. Mai sha'awar yau shi ya ɗora wa kansa ƙuncin, kuma yana iya sauke shi duk lokacin da ya so, tunda waya tana aljihu. Ban ce wannan aibu ne ba, domin mai azumin nafila ma shi ya ɗora wa kansa. Abin da nake cewa shi ne haƙurin yana cikin mutum, kyamarar dalili ce kawai. Tarihin dawowar fim ɗin kansa ya tabbatar da haka. Ƙungiyar Lomography, wadda wasu ɗalibai suka kafa a Biyana ta ƙasar Ostiriya a farkon shekarun 1990 bayan sun ci karo da wata ƙaramar kyamarar Tarayyar Sobiyat, ta yi suna ne da kiran mutane su riƙa dannawa ba tare da dogon tunani ba. Ita ma Pentax 17 raba kowane gurbi take yi biyu, don naɗi mai 36 ya ba da hoto 72. Ashe kasuwar da ke tallar ƙaranci tana kuma neman hanyar rage shi.

Sannan haƙurin nan na mai hali ne. Kowace dannawa kuɗi ce: kuɗin naɗi, kuɗin wanki, kuɗin kwafewa. Ga wanda ke zaune a ƙasa irin tamu, inda ake shigo da fim da sinadaransa daga waje da kuɗin ƙetare, nauyin ya ninka. Fim ba ya shiri da zafi, masana suna ajiye shi a firiji, wankin fim ɗin kala kuma yana buƙatar ruwan sinadari ya tsaya a kusan digiri 38 ba tare da ya yi sama ko ƙasa ba. Duk wanda ya san halin wutar lantarkinmu ya san abin da wannan ke nufi. Wayar hannu, da duk laifin da ake ɗora mata, ita ce ta ba mai tallar goro da ɗan acaba damar mallakar hoton 'ya'yansu ba tare da sun jira sallah ba. A 1888, lokacin da George Eastman ya fitar da Kodak ta farko ɗauke da fim mai hoto 100, burinsa shi ne ɗaukar hoto ya fita daga hannun ƙwararru ya shiga hannun kowa. Idan aka bi wannan buri, wayar ce ta gaje shi, fim kuwa ya koma abin ƙawa na masu sukuni.

Hujja ta Uku: Shaida

A tsakiyar shekarun 1930 masanin nan Bajamushe, Walter Benjamin, ya yi rubutu a kan abin da inji ya yi wa fasaha. A ganinsa hoto ya rushe kwarjinin da zanen hannu ke da shi na kasancewa guda ɗaya tilo, tunda daga nagatif ɗaya ana iya fitar da kwafi barkatai, babu wanda za a ce shi ne na asali. Zamani ya juya maganar. Yau da hoto ya zama lambobi a cikin na'ura, nagatif ɗin da Benjamin ya ɗora wa laifi shi ne ya zama abu guda tilo. Ledar da ke cikin kyamara ta halarci wurin. Hasken da ya taɓa fuskar mutumin shi ne ya taɓa ta. Roland Barthes na Faransa, a littafin da ya wallafa kan hoto a 1980 bayan rasuwar mahaifiyarsa, ya tsaya ne a kan wannan: babban abin da hoto ke tabbatarwa shi ne abin da ke cikinsa ya taɓa kasancewa a gaban kyamara.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A zamanin da manhajar ƙirƙirarriyar basira ke iya haɗa hoton taron da ba a yi ba, da fuskar mutumin da ba a haifa ba, karin maganar ya shiga wani hali. A nan ne nagatif yake da abin faɗa, domin abu ne da za a riƙe a hannu, a ɗaga shi a rana, a ga hoton da ya gabace shi da wanda ya biyo bayansa a jeri ɗaya.

Tarihi ma ya nuna abin da ajiyarsa ke haifarwa. A 1991 an nuna wasu hotunan Keïta a wani baje koli a birnin New York ba tare da sunansa ba, an rubuta cewa ba a san mai ɗaukar ba. Da wani Bafaranshe mai suna André Magnin ya bi sawu har Bamako, Malick Sidibé, wani gwanin hoto na birnin, shi ya gane aikin ya nuna masa gidan mai shi. Abin da ya dawo wa Keïta da sunansa shi ne dubban nagatif da ya adana shekara da shekaru bayan ya rufe shago. A Nijeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara hotuna kusan dubu, saboda ya lura cewa kitso fasaha ce da ake tsefewa bayan mako biyu. A Amurka, Vivian Maier ta yi rayuwarta tana renon 'ya'yan mutane a Shikago, ta rasu a 2009 ba a san ta da hoto ba. Nagatif sama da 100,000 da ta bari, waɗanda aka fara cin karo da su a wurin gwanjo a 2007, su suka sa duniya ta san ta.

Ba zan ɓoye raunin wannan hujja ba. Fim ma an yi ƙarya da shi. A zamanin Stalin an goge Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan asiri, daga hoton da suke tare a bakin ruwa bayan an kashe shi a 1940, kuma da hannu aka yi wannan aiki, babu kwamfuta. Nagatif yana ruɓewa idan zafi da laima suka haɗu a kansa, har ya riƙa tsami, kalar da ke jikinsa kuma tana kodewa. Hoton dijital da aka adana a wurare da yawa zai iya fin nagatif ɗin da aka jefa ƙarƙashin gado daɗewa. Amma ƙaryar Yezhov an gano ta ne saboda hoton farko ya tsira, aka ajiye su gefe da gefe. Darajar nagatif tana tabbata ne idan an sami mai ajiya.

A nan ne nake ganin babban gibin sha'awar yau. Shagunan wanke fim a Turai da Amurka suna kokawa cewa matasa da yawa, da zarar an turo musu kwafin hotunansu ta intanet, ba sa dawowa karɓar nagatif, har shagon ya rasa inda zai zuba su. Wannan kamar mutum ne ya sayi saniya da tsada, ya tatsi nonon rana ɗaya, ya bar ta a kara ya tafi. An biya kuɗin abin da ya bambanta fim da waya, sannan an bar shi a kan kanta.

Mu ma a nan gida muna da namu kason. A bayan tsofaffin hotunan da ke albam ɗin gidanmu, na sallah da na suna da na tafiya Makka, akwai hatimin shagunan da suka ɗauke su. A da, mai hoto yakan ajiye nagatif don idan an dawo neman ƙari ya wanko. Yawancin waɗannan shaguna sun rufe ko sun koma buga hoton fasfo da kwamfuta. A cikin kwalayensu akwai hawan sallar garuruwanmu, da ɗinkunan da aka daina yayi, da gine-ginen da aka rushe, da fuskokin mutanen da jikokinsu ba su taɓa gani ba. Gara da damina ba sa jiran kowa.

Kammalawa

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Akwai gaskiyar wannan a dawowar fim: matashin da hotuna suka yi wa yawa har suka daina yi masa ma'ana yana neman abin da zai riƙe a hannu. Buƙatar ta gaskiya ce, ban kuma ga dalilin yi mata dariya ba. Abin da na tarar bayan auna hujjojin shi ne kala ana iya kwaikwayon ta, kuma tarihinta bai yi wa baƙar fata adalci ba. Haƙuri ana iya koyon sa da kowace kyamara, idan mutum ya ga dama. Nagatif ne kaɗai wayar ba ta iya bayarwa.

Saboda haka ma'aunin da zan auna mai sha'awar fim da shi ba ya cikin sunan kyamarar da ya rataya a wuya. Zan tambaye shi inda nagatif ɗinsa suke, da ko ya rubuta rana da wuri da sunan wanda ya ɗauka a jikin ambulan ɗin. Ga ɗan'uwana matashi a Kano ko Zariya ko Damagaram da ke tara kuɗin sayen tsohuwar kyamara daga Japan, shawarata ita ce ya fara da neman dattijon da ya yi sana'ar hoto a unguwarsu, ya gaishe shi, ya tambaye shi ko kwalayen nan suna nan. Idan suna nan, a kakkaɓe su, a kwafe su, a rubuta sunayen mutanen da ke ciki tun ana samun masu gane su.